Matakan Da Za Ka Bi Idan Ƙarfinka Ya Tsaya a Ɗaga Ƙarfe

Da farko, ka riƙa rubuta nauyin da kake ɗagawa kullum. Idan makonni 3 suka wuce babu ƙari, ƙarfinka ya tsaya.

Sai ka rage nauyin da kashi 10 cikin 100 na tsawon mako guda. Wannan ne matakin da matasa suka fi ƙi, suna ganinsa koma baya, alhali sau da yawa gajiyar da ta taru a tsoka da gaɓoɓi ce take danne ƙarfin.

Bayan haka, ka riƙa ƙara kilo 1 ko 2 kacal kowane mako.

Ka kuma sauya yawan maimaitawa: mai ɗagawa sau 5 ya koma sau 8 da nauyi mai sauƙi.

Daga ƙarshe, ka yi barcin awa 7 zuwa 9, ka yawaita cin wake, ƙwai, kifi da nono.