Kurakuran masu hawa zuwa tafkunan Manenguba da Oku

Wanda ya taso a Kano ko Garwa ko Maraɗi, da an ambaci kudancin Kamaru zafi da gumi ne ke faɗo masa a rai. Nan kuskuren farko yake. Dutsen Manenguba ya haura mita 2,400, na Oku kuwa mita 3,011, kuma duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6. Sanyin can ba irin na hunturunmu ba ne mai fasa leɓe. Jiƙaƙƙen sanyi ne. A kurmin Kilum-Ijim, inda Tafkin Oku yake, gajimare na ratsa bishiyoyi, gansakuka ta lulluɓe rassa, ruwa na ɗiga daga ganye ko ba a ruwan sama. Rigar auduga da wandon jins in sun jiƙe ba sa bushewa, sai su manne a jiki suna zuƙe ɗumi. Na taɓa ganin abokin tafiya, ƙato lafiyayye, haƙoransa na haɗuwa har ya kasa zuge jakarsa. Ka sa kaya marasa nauyi hawa biyu ko uku, rigar ruwa a sama, sannan ka ƙulle busasshiyar riga da safa a leda.

Sai jinkirin fita. A tsaya karin kumallo, a tsaya hira, sai hantsi a kama hanya. Su kuwa waɗannan duwatsu da sassafe suke buɗe fuska. Rana na ɗagawa hazo ke tasowa daga kwari, wanda ya makara ya sha wahalar hawa ya tarar da fari fat a inda tafki yake. Ka yi asuba ka fita. In da hali ka zo tsakanin Disamba da Fabrairu, don a Yuli da Agusta hanya ta zama taɓo.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne masu raina ɗan jagora saboda suna da taswira a waya. Tafkuna biyu na Manenguba, wanda ake kira Mace da wanda ake kira Namiji, suna cikin wani makeken faƙo ne na ciyawa, bakin tsohon dutse mai aman wuta, inda Fulani Mbororo ke kiwo. Hanyoyin shanu sun yi ta gicciye juna, kowace kamar ita ce. Hazo na sauka, ba ka ganin wanda ke taku goma gabanka, ga gaɓar rami kusa. Ka ɗauki ɗan gari. In hazo ya rufe ku, ku tsaya wuri ɗaya, kada kowa ya ce bari ya leƙa gaba. In kun bi ta ruga, a yi sallama, a nemi izini kafin a ɗaga waya don hoto.

Tafkin bakin dutse yana da yaudara: sai ka gama hawa sannan ka gangara, ƙarfin da ya rage kuma da shi za ka fito. Tafkin Mace, mai shuɗin ruwa, ya fi girma da sauƙin sauka. Namijin kore ne, gaɓarsa a tsaye, kallonsa daga sama ya isa. Silifas da takalmi mai sulɓin ƙasa ba su da wuri a nan. A nemi mai haƙora, a riƙe sanda, a bar rabin ruwan sha don dawowa.

Kada ka faɗa iyo. Bakin irin wannan ruwa kan zarce ƙasa nan take, ga sanyi mai riƙe ƙafa. Tafkin Oku ma wuri ne mai alfarma ga mutanen Oku, kuma akwai wani ƙaramin kwaɗo da babu shi ko'ina a duniya sai cikinsa. Sabulu ko wankin kwano na iya yi masa illa. In lokacin salla ya yi, ka yi alwala da ruwan butarka, nesa da gaɓa.

Wasu kuma tsoro ke hana su, don sun ji labarin Tafkin Nyos na Kamaru. Gaskiya ne, a daren 21 ga Agusta 1986 iskar gas ta taso daga ƙasan wannan tafki ta kwarara cikin kwaruruka, ta kashe mutum sama da 1,700 da dubban shanu, bayan Tafkin Monoun ya ci mutum 37 a 1984. Amma ba kowane tafki ke tara gas haka ba, kuma tun 2001 aka fara kafa bututun fitar da shi a Nyos.

Abin tsoro na yanzu shi ne hanya. Oku na yankin Arewa maso Yamma, Bangem, garin da ke jikin Dutsen Manenguba, na Kudu maso Yamma, duk inda rikicin 'yan aware ya shafa tun bayan 2016. Masu zuwa Manenguba kan hau ta ɓangaren Melong, kusa da Nkongsamba. Ko ta nan ɗin, ka kira wani mazaunin wurin ana gobe tafiya, ka ji yadda gari ya kwana.