Darasi na Bakwai: Haƙƙinku na Gwajin Cututtuka Masu Yaɗuwa

Zazzaɓi da kasala da rama alamu ne da cututtuka da yawa suka yi tarayya a kansu. Ido ba ya bambance su, sai gwaji. Wanda aka hana shi gwaji an bar shi yana shan magani da ka, cutar tana cinsa, tana kuma kama na kusa da shi.

Abin da doka ta ce

Kundin tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1946 ya ce lafiya haƙƙin kowane ɗan Adam ne, ba ruwan launin fata, addini, ra'ayin siyasa ko wadata. A 1966 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniya kan haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa da al'adu, ta fara aiki a 1976. Sashe na 12 ya ɗora wa ƙasashen da suka amince da ita nauyin rigakafi da magani da shawo kan annoba. A 2000 kwamitin da ke sa ido a kanta ya ƙara bayani: hidimar lafiya ta samu, kowa ya iya kaiwa gare ta, kuɗinta kada ya fi ƙarfin talaka, ta mutunta mutane, ta zama mai inganci.

Ba a ce kowane gwaji kyauta ne ba, wannan ya danganta da dokar kowace ƙasa. Amma hana wariya ba ya jiran ƙasa ta yi arziki. Ba a korar mutum daga wurin gwaji saboda jinsinsa, naƙasarsa ko asalinsa.

A ɗakin gwaji

Kafin a ɗebi jininku, ku tambaya: wace cuta ake nema, yaushe sakamako zai fito, wa zai gan shi? A gwajin ƙanjamau, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sai da yardar mutum, a rufa masa asiri, a yi masa bayani, sakamakon ya zama daidai, a kuma haɗa shi da wurin karɓar magani. Ma'aikacin lafiya ba shi da hurumin faɗa wa maigidanku a wurin aiki ko maƙwabci. Tonon asiri yana korar mutane daga asibiti, don haka kada ku yi shiru a kansa.

Akwai iyaka. Cututtuka irin su kwalara da shan inna dole a sanar da hukumar lafiya, kuma a lokacin annoba ana iya keɓe mutum, amma bisa doka, na ɗan lokaci, ba tare da wulaƙanci ba.

Inda sakamako yake lalacewa

Na farko, gaggawa. Gwajin ƙanjamau na ɗigon jini yana neman garkuwar da jiki ya yi ne, kuma tana iya ɗaukar har kwana 90 kafin ta bayyana. Wanda ya gwada mako ɗaya bayan ya shiga haɗarin kamuwa da cutar aka ce ba shi da ita, sai ya sake bayan wata uku. Amma kada ya zauna jira: akwai maganin kariya da ake farawa cikin awa 72, a sha kwana 28. Idan kuma gwajin farko ya nuna akwai, ba a yanke hukunci sai an tabbatar da wasu gwaje-gwajen daban, musamman in mutum ya gwada kansa a gida.

Tarin da ya kai mako biyu yana buƙatar gwajin tarin fuka, kuma nan kuskuren daga majinyaci yakan fito, ya kawo yawu a maimakon kaki. Ku kurkure baki da ruwa, ku fita fili nesa da mutane, ku ja numfashi mai zurfi sau uku, ku yi tari daga ƙirji, ku tofa kamar cikin ƙaramin cokali a robar da aka ba ku, ku rufe da kyau. Na'urar gwajin kaki mai suna GeneXpert tana ba da amsa cikin kamar awa biyu, har ta nuna ko ƙwayar cutar ta daina jin rifampicin, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka.

Gwajin zazzaɓin cizon sauro na nan take ana karanta shi bayan minti 15 zuwa 20, yadda takardar cikin kwalin ta ce. In layin da ke shaida cewa gwajin ya yi aiki bai fito ba, a sake da sabo. Ku dubi ranar ƙarewar wa'adi, kuma zafin rana yana ɓata shi. Yakan ci gaba da nuna akwai cuta har makonni bayan an warke, saboda haka ku faɗi in kun sha magani kwanan nan.

Idan aka hana ku

Ku nemi dalili cikin ladabi. In kayan aiki ne babu, a ba ku takardar tura ku wani asibitin. Ku rubuta rana da lokaci da abin da aka faɗa, ku kai wa shugaban asibitin. In bai saurare ku ba, sai hukumar da ke ba ma'aikatan lafiya lasisi ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasarku. Ku riƙa karɓar sakamakonku a rubuce, da sunan gwajin da kwanan wata.

Aikin aji: Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama ma'aikacin lafiya, ɗaya ya yi masa tambayoyin nan uku, sannan ya nuna yadda ake ba da kaki.