Kurakuran da aka fi yi wajen auna aikin ƙwayoyin gado a sankarar jini

Tun 1999, da Golub da abokan aikinsa suka nuna cewa yawan RNA da ƙwayoyin gado ke fitarwa yana bambance AML da ALL, wato nau'o'i biyu na sankarar jini mai saurin ci, ake amfani da wannan awon wajen gane nau'in cutar da hasashen yadda za ta kasance. Sai dai mafi yawan sakamakon da ke ɓatar da likita tun wajen ɗibar samfuri yake lalacewa.

A zuba jini cikin kwalba mai EDTA, sinadarin da ke hana jini daskarewa. Kada a sa mai hefarin, domin yana hana PCR, gwajin da ake ƙirga kwafin RNA da shi, aiki. RNA kuma ba ya jira, a kai shi ɗakin gwaji cikin awa 24 zuwa 48, in da nisa a sa kwalbar PAXgene, mai hana RNA lalacewa.

Ɓargo ya fi wannan wuya. Wanda ya ci gaba da zuƙa daga huda ɗaya, jini yake jawowa, ɗanyun ƙwayoyin cutar su tsarma, alƙalumman su faɗi, a zaci mara lafiya yana samun sauƙi. Zuƙar farko, wadda ba ta wuce mililita 5 ba, ita ake ware wa gwajin. A kuma rubuta kason ɗanyun ƙwayoyin, domin ƙwayoyin gadon BAALC da ERG suna aiki har a lafiyayyun ƙwayoyin asali masu ɗauke da alamar CD34.

Kuskuren da ya fi haɗari shi ne rubuta "ba a gani ba" alhali samfurin ne bai isa ba. A bibiyar BCR::ABL1, haɗin ƙwayoyin gado biyu da ke jawo wasu nau'o'in sankarar jini, sai kwafin ABL1, wanda ke nuna ko samfurin ya isa, ya kai 10,000 kafin a ce an kai matakin raguwar cuta na MR4, ya kai 32,000 kafin a ce MR4.5. Bisa irin wannan sakamako ake yanke shawarar dakatar da magani, don haka in bai kai ba a sake ɗiba. A tantance nau'in haɗin tun ranar gano cutar: gwajin da aka tsara don nau'o'in e13a2 da e14a2 ba zai kama nau'in e1a2 ba. Sakamakon ɗakunan gwaji biyu kuwa ba ya kwatantuwa sai an mayar da shi kan ma'aunin duniya, inda kashi 0.1 cikin 100 yake matsayin MMR, wato babbar raguwar cutar.

Haka iyakar "mai yawa" da "kaɗan". Bincike da dama sun raba marasa lafiyarsu ne a tsakiyar alƙalummansu, wannan iyaka ba ta aruwa zuwa wani ɗaki mai na'ura dabam. Ƙwayar gadon WT1 ma iyakarta a jini kwafi 50 ce cikin 10,000 na ABL1, a ɓargo 250.

An danganta yawan aikin ƙwayoyin gadon EVI1 da MN1 da mummunan hasashe a AML, amma rabon haɗari na 2022 na ELN, ƙungiyar masana sankarar jini ta Turai, kan sauye-sauyen kuromosom da na ƙwayoyin gado ya ginu. Yawan aikin ƙwayar gadon CRLF2 a ALL yana sa a nemi nau'in da ke kama da mai kuromosom ɗin Philadelphia, wato mai haɗin BCR::ABL1, sannan a tabbatar ta hanyar FISH, gwajin duba kuromosom, ko karanta jerin RNA kafin a taɓa tsarin magani.