Darasi na 7: Abin da Ke Faruwa a Kai Idan Matsala Ta Cije

Kafin a fara karatun yau, kowa ya ɗauki fensir da takarda. Akwai ɗan aiki.

A ce an ba ku bokiti uku. Na farko yana cin kofi 21 na ruwa, na biyu kofi 127, na uku kofi 3. Babu alamar awo a jikinsu, ruwa kuwa akwai shi isasshe. Ana son ku fitar da kofi 100 daidai. Yaya za ku yi? Ku gwada tukuna kafin ku karanta amsar.

Ga yadda ake yi. A cika na biyu, 127 ke nan. A zuba daga cikinsa har na farko ya cika, saura 106. Sannan a cika ƙaramin sau biyu ana zubarwa, saura 100.

Yanzu ga wasu. Bokitai masu cin 14, 163 da 25, ana son 99. Sai masu cin 18, 43 da 10, ana son 5. Za ku ga hanyar nan ta ɗazu tana aiki: a cika na tsakiya, a cire na farko sau ɗaya, a cire na uku sau biyu. To, ga na ƙarshe: 23, 49 da 3, ana son 20.

Idan kun ce a cika 49, a cire 23, a cire 3 sau biyu, amsarku daidai ce. Amma ku sake duba lambobin. Da kun cika na 23 kun cire 3, da tuni an gama, ba a ko taɓa babban bokitin ba.

Kada wanda ya bi doguwar hanya ya ji kunya. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Abraham Luchins, shi ya tsara waɗannan tambayoyi, ya buga sakamakonsu a 1942. Ya ba yara 'yan makaranta, ya ba ɗaliban jami'a, ya ba manya. Mafi yawan waɗanda suka fara da tambayoyin farko sun bi doguwar hanya a na ƙarshe. Waɗanda kuwa aka ba su ta ƙarshen kai tsaye, ba tare da sun yi na baya ba, kusan dukkansu gajeriyar hanya suka gani nan take. Wato abin da mutum ya koya mintoci kaɗan da suka wuce, shi ne ya rufe masa ido. Masu magana sun ce sabo turken wawa, amma wannan turken ya ɗaure har masu digiri. Luchins ya sa wasu daga cikinsu su rubuta wa kansu gargaɗi a takarda cewa kada su makance, kuma wannan ɗan gargaɗin ya taimaki wasu suka ga gajeriyar hanyar.

Na fara da wannan ne saboda wata magana da nake yawan ji daga manya masu koyon karatu. Da zarar abu ya gagara sai mutum ya ce, "Kaina ya tsufa," ko "Ni dama ba ni da ƙwaƙwalwa." Wannan magana tana yi mini ciwo, domin yawanci ba gaskiya ba ce. Cijewar matsala tana da dalilai da aka bincika aka gano, kuma suna kama kowa, yaro da babba, mai ilimi da wanda bai taɓa shiga aji ba. Wanda ya san dalilan ya san inda zai taɓa.

Kai ba ya riƙe abu da yawa a lokaci guda

Dalili na farko mai sauƙi ne. Wurin da muke riƙe abin da muke tunani a kansa yanzu-yanzu ƙarami ne ƙwarai. A 1956 George Miller ya rubuta cewa mutum yakan riƙe abubuwa kamar bakwai a lokaci ɗaya, ko ƙasa da haka da biyu, ko sama da biyu. Binciken da ya biyo baya, musamman na Nelson Cowan a 2001, ya nuna adadin ya fi kusa da huɗu. Shi ya sa idan aka faɗa muku doguwar lamba, kafin ku kai ƙarshenta farkon ya tsere. Shi ya sa kuma matsala mai rassa biyar ko shida takan sa kai ya yi zafi: kana kama wannan reshe, wancan yana suɓucewa.

Maganin wannan yana hannunku a yanzu haka, fensir da takarda. Abin da aka rubuta ya sauka daga kai, ya bar wuri don tunani. Ku tuna aikin bokitai. Wanda ya rubuta 127, ya cire 21, ya rubuta 106, ya fi samun sauƙi a kan wanda ya riƙe komai a ka. Ko rubutunku bai nuna ba tukuna, zane ma ya isa: layi, da'ira, ɗigo. Rubutun da kuke koya a wannan aji na karanta wasiƙa ne da sa hannu, haka ne, amma kuma kayan aikin tunani ne, kuma a ganina wannan amfanin bai gaza sauran ba.

Ganin abu da fuska ɗaya

Dalili na biyu ɗan uwan na bokitai ne, kuma a nan za mu ɗan daɗe.

Wani Bajamushe, Karl Duncker, ya ajiye wa mutane kyandir, ashana, da ƙaramin kwali cike da ƙananan ƙusoshi. Ya ce su kafa kyandir ɗin a jikin bango yadda zai ci ba tare da ya ɗiga a kan tebur ba. Wasu suka yi ta ƙoƙarin buga ƙusa ta cikin kyandir. Wasu suka narkar da gefensa suna son manna shi. Amsar ita ce a juye ƙusoshin, a kafa kwalin a bango da ƙusa, a ɗora kyandir a ciki. An buga wannan bincike da Turanci a 1945. Abin lura shi ne, idan aka ba mutane kwalin babu komai a ciki, ƙusoshin suna zube a gefe, sai su fi saurin gane amsar. Kwalin bai canza ba. Amma muddin yana cike da ƙusa, ido yana ganinsa mazubin ƙusa ne kawai, ba ya ganinsa a matsayin abin da za a ɗora wani abu a kai.

Kafin nan, a 1931, Norman Maier ya yi makamancin haka a Amurka. Ya rataye igiya biyu daga rufin ɗaki, nesa da juna, yadda idan ka riƙe ɗaya hannunka ba zai kai ɗayar ba. Aikin shi ne a ɗaure su wuri guda. Cikin kayan da ke ɗakin akwai filaya. Amsar da yake nema ita ce a ɗaura filayar a bakin igiya ɗaya don ta yi nauyi, a kaɗa ta tana lilo, a je a riƙo ɗayar, sannan a cafke ta farkon idan ta dawo. Mutane da yawa sun tsaya cak. Sai Maier ya wuce kamar bai sani ba, ya gogi igiyar ta fara lilo. Jim kaɗan wasu suka gane. Da aka tambaye su me ya kawo musu dabarar, yawancinsu ba su ambaci lilon igiyar ba, sun ɗauka daga kansu kawai ta faɗo. Wannan ya nuna cewa abin da ido ya gani yana shiga tunani ko mutum bai lura ba. Don haka tashi daga inda kake zaune, zagaya abin, taɓa shi, juya shi, duk suna cikin aikin tunani.

Dabarar da za ku riƙe a nan ita ce: idan kun cije, ku daina kiran kayan da ke gabanku da sunansu, ku faɗi yadda suke. Maimakon "filaya", ku ce "ƙarfe mai nauyi". Maimakon "kwalin ƙusa", ku ce "abu mai faɗi, marar nauyi, da ƙusa za ta iya hudawa". Suna yana zuwa da aikin da aka saba, siffa kuwa tana buɗe wasu ayyukan.

Abin da ka riga ka sani, amma bai zo maka ba

Duncker yana da wata tambayar. Majiyyaci yana da ƙari a cikin ciki, ba a iya yi masa tiyata. Akwai wani haske mai ƙarfi da zai iya ƙona ƙarin, amma da wannan ƙarfin zai ƙona lafiyayyen naman da ya ratsa. Idan aka rage ƙarfinsa, ba zai cuci nama ba, ba zai kuma kashe ƙarin ba. Ina mafita?

A 1980 Mary Gick da Keith Holyoak suka ba ɗalibai wannan tambaya. Kusan mutum 1 cikin 10 ne ya warware ta. Wasu kuma aka fara ba su labarin wani janar da ke son kama wani sansani. Hanyoyi da yawa suna shiga sansanin, amma an binne nakiyoyi da za su tashi idan runduna mai yawa ta taka. Sai janar ya raba sojojinsa ƙungiya-ƙungiya, kowace ta bi hanyarta, suka haɗu a sansanin lokaci guda. Cikin waɗanda suka karanta labarin, kusan 3 cikin 10 ne suka warware tambayar ƙarin. Da aka ce musu su yi amfani da labarin, adadin ya haura zuwa kusan 3 cikin 4. Amsar ita ce a aika raunanan haske daga kusurwoyi da yawa su haɗu a kan ƙarin.

Ku duba tazarar da ke tsakanin 3 cikin 10 da 3 cikin 4. Amsar tana cikin kansu tun farko, abin da ya rage kawai a ce musu su duba. Ku da kuka yi shekaru kuna fama da rayuwa, kuna da irin waɗannan labarai fiye da kowane ɗalibi. Sai dai ba sa zuwa da kansu, domin a fuska ba su yi kama da sabuwar matsalar ba. Dole mutum ya tambayi kansa da gangan: na taɓa ganin abu mai irin wannan ƙashi, ko da fatarsa daban ce?

Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Hangari, George Polya, ya sa wannan tambaya cikin shawarwarin da ya buga a 1945. Matakansa huɗu ne: ka fahimci matsalar, ka tsara hanya, ka bi hanyar, ka waiwaya ka duba. Mutane sun fi tsallake na farko da na ƙarshe. Gwajin na farko shi ne ka iya faɗin matsalar da bakinka a jimla ɗaya ko biyu: me nake da shi, me nake nema, me ya tare tsakani. Wanda ya kasa faɗa bai shirya nema ba tukuna. Polya ya kuma ba da shawarar farawa daga ƙarshe a dawo baya. Ga misali: ganye yana yaɗuwa a kan tafki, kullum yana ninka faɗinsa, a rana ta 48 ya rufe tafkin duka. Yaushe ya rufe rabi? Baki yakan yi saurin cewa 24. Ku fara daga ranar ƙarshe ku koma baya kwana ɗaya, za ku ga 47 ce.

Idan an yi duk wannan abu bai buɗe ba, a ajiye shi a huta. A 2004 masu bincike a Jami'ar Lübeck ta Jamus sun ba mutane aikin lambobi mai ɓoyayyiyar gajeriyar hanya. Waɗanda suka yi barcin dare kafin su koma kan aikin sun ninka waɗanda ba su yi ba fiye da sau biyu wajen gano ta. Amma a lura, sai da suka fara yin aikin kafin su kwanta. Barci ba ya warware abin da ba a taɓa ba.

Aikin aji da na gida

1. Ku karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sannan ku kwafe su: matsala, mafita, dabara, sabo, siffa, ƙwaƙwalwa.

2. Malami ko malama ya ɗaga cokali. Kowa ya faɗi siffarsa ba tare da ya ambaci sunansa ba, sannan a rubuta a allo ayyuka biyar da zai iya yi ban da wanda aka san shi da shi.

3. Ku zaɓi wata matsala da ke damunku a wannan mako. Ku rubuta layi uku: abin da nake da shi, abin da nake nema, abin da ya tare. Wanda rubutu ya yi masa nauyi ya faɗa wa na kusa da shi ya taya shi. Gobe da safe ku sake karantawa, ku ƙara abin da ya zo muku.

4. Bokitai masu cin 28, 76 da 3, ana son 25. Wannan ma daga tambayoyin Luchins take, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka saba da doguwar hanya sun kasa ta. Idan kun gwada hanyar farko ta ƙi, ku rufe lambar tsakiya da yatsa, ku kalli biyun da suka rage.