Kurakuran da iyali suka fi yi wajen shirya zuciyar majinyaci kafin tiyatar sauya gwiwa ko ƙugu

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, idan likita ya ce gwiwar tsohuwa ko ƙugun matashi mai sikila ya lalace har sai an sauya gaɓar, iyali kan tashi tsaye. Za a sayar da bijimi ko buhunan riɗi, a nemo masu ba da jini, a yi shatar motar da za ta kai shi Asibitin Ƙashi na Dala. Abin da ba a cika tanada ba shi ne zuciyar wanda za a kwantar a gadon tiyatar, alhali likitoci sun daɗe da lura cewa wanda ya shiga aiki cikin tsananin fargaba ko baƙin ciki ya fi kukan ciwo bayan an gama, ya fi neman maganin kashe zafi, kuma ya fi jinkirin taka ƙafa. Dalili shi ne ƙwaƙwalwa ce ke auna zafin da rauni ke aiko mata, tsoro da rashin barci kuwa suna sa ta ƙara masa nauyi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɓoye wa majinyaci ainihin abin da za a yi masa, wai don kada hankalinsa ya tashi. Ɗa zai durƙusa gaban mahaifiyarsa ya ce, “Inna, ɗan gyara ne kawai za a yi miki,” ita kuma ta gyaɗa kai tana jan carbi. Sai an kwantar da ita a ɗakin mata, maƙwabciyar gadonta ta ba ta labarin zarto da guduma, ta kwana ido biyu tana zaton ƙafar za a yanke. Gyaran wannan shi ne a shiga da ita gaban likita tun da sauran makonni, a roƙi a yi mata bayani da Hausa, ta ji da kunnenta cewa bakin ƙashin da ya zaizaye ake gogewa, a lulluɓe shi da ƙarfe, a sanya roba mai ƙarfi a tsakani, ƙafarta kuma tana nan yadda take. Ta kuma san cewa sau da yawa allura ake yi a gadon baya wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, cewa tana iya jin ƙarar kayan aiki ba tare da jin zafi ba, kuma ana iya ba ta abin da zai sa ta gyangyaɗi idan ta nema. Aikin ba gwaji ba ne, domin tun 1962 likitan nan na Ingila, John Charnley, ya daidaita irin sauyin ƙugun da ake bi har yau.

Sai kuma ɗaukar dauriya a matsayin kwanciyar hankali. Dattijon da ya yi shekara hamsin yana noma ba zai ce wa surukinsa ko ɗan farinsa yana jin tsoro ba, iyakarsa ya ce “alhamdu lillahi”. Amma a duba ko tuwon dare yana komawa yadda aka kawo shi, ko ya daina fita majalisa, ko ya fara yawan wasiyya da lissafin bashi. A samu wanda ba ya jin kunyarsa, amininsa ko jikan da suke wasa da shi, ya tambaye shi kai tsaye abin da ya fi damun sa. Galibi tsoron shi ne kada ya kasa farkawa daga allurar, ko ya zama kaya a wuyan 'ya'yansa, ko a ce kuɗin gida sun ƙare a kansa, kuma tambayar likita a kan waɗannan ba ta rage wa mutum tawakkali. Ana iya koya masa jan numfashi a hankali ta hanci da sakinsa a tsanake, ya haɗa da zikirin da ya saba, ya riƙa yi kullum tun yana gida, domin abin da ba a saba ba a gida ba zai zo wa mutum a daren farko bayan tiyata ba. Idan rashin barci da ƙin abinci sun wuce mako biyu, a gaya wa likita, domin asibitoci irin na Koyarwa na Malam Aminu Kano suna da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma zuwa wurinsu ba shaidar taɓin hankali ba ce.

Masu dubiya ma sai an yi hattara da su. Duk mai labarin wani da aka yi wa aiki bai tashi ba, a tare shi a zaure a gaisa a can, a nemo wanda aka sauya wa gwiwa yake tafiya da ƙafarsa ya zo ya zauna da majinyacin.

Wasu kuma wuce gona da iri suke yi wajen ƙarfafa gwiwa, su ce da an fito shi ke nan, ƙafar saurayi ta dawo. A ganina wannan ya fi ɓoyewa illa, domin ranar da zafin makonnin farko ya zo, majinyaci zai ɗauka aikin ne bai yi ba. Gaskiyar ita ce sauƙi na sosai kan ɗauki kamar wata uku, wani ma har shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar da aka sauya wa gwiwa kan ci gaba da jin wani ciwo. Durƙuso da tsuguno suna wuya, wanda aka sauya wa ƙugu kuma akan hana shi zaman ƙasa na wani lokaci. Saboda haka tun kafin tafiya a tambayi malami hukuncin salla a kan kujera, a ɗaga masa wurin zama a bayan gida, a ɗauke shimfiɗarsa daga tabarma zuwa gado, a kuma yanke wanda zai riƙe gonar a daminar bana, don kada ya kwanta yana lissafin shuka da noman farko.

Kada a ɓoye wa likita tiramadol ko wasu ƙwayoyin da majinyaci ya saba saye a kemis ko hannun 'yan tebur a kasuwar ƙauye. Jikin da ya saba da su ba ya jin maganin zafi yadda ya kamata, kuma likitan da ya sani tun farko ne zai iya tsara rage su a hankali.

Akwai kuma tausayin mai jinya, wanda ke zuwa da kyakkyawar niyya ya ɓata aiki. Ma'aikacin gashin ƙashi kan zo tun ranar farko ko ta biyu ya ce a miƙe, sai 'yar majinyaciya ta ce, “A bar Inna ta huta, jiya fa aka yi mata aiki.” Kwanciyar nan ce ke sa gwiwa ta sandare, jini kuma ya daskare a jijiyar ƙafa. Wadda za ta yi jinya ya kamata ta halarci bayanin likita tun farko, ta san cewa zafin motsa gaɓa ba alamar ƙarfen ya goce ba ne, ta kuma riƙa tuna wa ma'aikatan jinya a ba Inna maganinta kafin lokacin atisaye ya yi.