Tseren Tudu Kafin Maraton: Yadda Za Ka Shiga Ka Fito da Ƙafafunka

Idan ka yi rajistar maraton, sai kuma ga wani tsere na kilomita 21 ko 30 mai hawa da gangara zai faɗo makonni kaɗan kafinsa, shawarata ka shiga. Babu atisayen da za ka yi kai kaɗai da zai gaya maka gaskiyar ƙarfinka kamar yadda tsere cikin jama'a zai gaya maka. Amma tun ranar da ka rubuta sunanka ka sa a ranka cewa wannan tseren hidima yake yi wa maraton. Kilomita 42 da mita 195 na nan suna jiranka, kuma da waɗannan ƙafafun dai za ka tare su.

Masu gudun fanfalaki sun daɗe da sanin amfanin wannan tsari. A birnin Hamilton na ƙasar Kanada akwai tseren Around the Bay, mai kilomita 30, wanda aka fara tun 1894, shekara uku kafin maraton ɗin Boston ta ƙasar Amurka na farko a 1897. Galibi a ƙarshen watan Maris ake yinsa, tuddansa kuma sun fi yawa a kashi na ƙarshe na hanyar, shi ya sa masu shirin zuwa Boston a watan Afrilu suke gwada kansu da shi. Ita kuwa hanyar Boston da gangara take farawa daga garin Hopkinton, sai mutum ya wuce kilomita 25 sannan tuddan Newton guda huɗu su tare shi, na ƙarshensu, wanda ake kira Heartbreak Hill, yana wajen kilomita 32 zuwa 33. Tsayin wannan tudu bai kai ya tsorata kowa ba. Abin da ke karya mutane a kansa shi ne gangarar farko ta riga ta cinye musu cinyoyi tun ba su ankara ba.

Fara da duba kalanda. Ni na fi son a samu tazarar mako huɗu zuwa shida tsakanin tseren da maraton. Idan tazarar mako uku ce kacal, kuma tseren na kilomita 30 ne, to ka ɗauke shi a matsayin dogon gudunka na ƙarshe, ka yi shi a ƙasa da ƙarfinka. Ƙasa da mako uku kuwa, ka haƙura da shi kawai.

Sai taswirar hanya. Yawancin masu shirya tsere suna wallafa zanen da ke nuna hawa da saukar hanyar daga farko har ƙarshe. Kada ka tsaya kan jimillar mitocin da za a hau, domin hawan mita 300 da aka rarraba a kan kilomita 30 dabam ne da mita 300 da aka jibge a kilomita goman ƙarshe. Abin da kake nema: a wane kilomita kowane babban tudu yake farawa, nawa ne tsawonsa, kuma me ke biye da shi. Idan ka ga an rubuta kashi 4 cikin 100, ana nufin hanyar tana ɗagawa mita huɗu a kowace mita ɗari. Wannan ana gudunsa lafiya. Kashi 8 zuwa 10 kuwa zai sa ka haki na gaske ko da gajere ne. Ina rubuta lambobin manyan tuddan a bayan hannuna da biro ranar tsere, domin in gajiya ta zo lissafi guduwa yake yi daga kai.

Gangara ce ke ɓarna

A nan nake so ka fi ba ni hankalinka, domin kusan kowa hawa yake tsoro, gangara kuwa yana ɗaukarta wurin hutu. Lokacin da kake hawa, zuciya da huhu ne ke shan wuya, kuma da ka kai sama, minti ɗaya ko biyu sun ishe su su dawo daidai. Lokacin sauka kuwa, tsokar gaban cinya ce ke tare nauyin jikinka a kowane taku, tana miƙewa alhali tana ɗaure. Irin wannan aikin yana tsattsaga ƙananan zaruruwan tsoka, ɓarnar kuma ba ta gyaruwa a cikin tsere, taruwa take yi. Numfashinka zai kasance lafiya lau, agogo na nuna kana gudu da kyau, sai can gaba ka nemi ƙafa ta ɗaga ta ƙi.

Jiki magayi. Tsamin yana kaiwa maƙura ne tsakanin awa 24 zuwa 72 bayan gudun. Ka lura da wanda ya yi tseren tudu bai shirya ba, kwana biyu bayan haka a bakin matakalar bene. Hawa ba ya ba shi wahala sosai. Saukowa kuwa, sai ya dafa ƙarfen gefe da hannu biyu, ya sauke ƙafa ɗaya, ya tsaya ya cije leɓe, sannan ya jawo ɗayar. Wani ma juya baya yake yi ya sauko da baya-baya, don haka ne kaɗai cinyar ke yarda. Mutumin da ke cikin wannan hali ya yi asarar atisayen mako guda ko fiye, a daidai lokacin da maraton ya fi bukatarsa.

Abin farin ciki shi ne tsoka tana koyo da wuri. Idan ta sha gudun gangara sau ɗaya ta warke, karo na biyu ɓarnar ba ta kai ta farko, kuma wannan kariya tana ɗaukar makonni. Don haka mako takwas zuwa goma kafin tseren, ka nemi gangara mai sauƙi, kashi 2 zuwa 4 cikin 100, in da hali a kan ciyawa ko turɓaya. Bayan ka ɗumama jiki da sassarfa ta minti goma sha biyar, ka sauko da ɗan sauri na tsawon daƙiƙa 40 zuwa 60, ka koma sama a hankali, sau huɗu a ranar farko. Huɗu kawai, ko da kana jin kana iya goma. Bayan mako biyu ka maimaita, ka ƙara biyu. Karo na uku ka koma kan kwalta, tunda a kanta za a yi tseren. Gudun gangara mai ƙarfi na ƙarshe ya kasance aƙalla kwana goma zuwa mako biyu kafin ranar.

Yadda ake saukowar ma abin koyo ne. Mai jin tsoron gangara yakan kwantar da jiki baya, ya miƙa ƙafa can gaba, dunduniya ta daki ƙasa da ƙarfi. Kamar direban da ya danne birki tun daga saman tudu har gindinsa ne: zai iso, amma birkin ya ƙone. Ka tsayar da jikinka daidai da hanyar, ƙirji ɗan gaba kaɗan, ka gajarta taku ka yawaita shi, ƙafar ta riƙa sauka kusa da ƙarƙashin ƙugunka. Kunnenka zai taimake ka. Idan kana jin tafin ƙafarka yana marin kwalta, fat-fat-fat, takunka ya yi tsawo. Ido ya kasance 'yan mitoci gaba, hannuwa su ɗan buɗe don daidaita jiki.

Hawa kuma

Shi hawa shirinsa a bayyane yake. Sau ɗaya a mako, ka musanya tsakanin gajeren tudu da dogo. Gajere: daƙiƙa 60 zuwa 90 da ƙarfi, ka sauko da sassarfa, ka fara da shida ka kai goma a hankali. Dogo: minti uku zuwa biyar, sau huɗu ko biyar, da ƙarfin da za ka iya furta kalma biyu ko uku amma ba hira ba. Taku gajere, ido a gaba, hannuwa na aiki, kada ka lanƙwashe daga ƙugu domin hakan yana matse numfashi. Idan agara ko sha-raɓa suka fara ciwo, ka dakatar da tudu na 'yan kwanaki, don su ne hawa ya fi ja.

Mafi amfani a gare ni shi ne dogon gudun ƙarshen mako a hanyar da ta yi kama da ta tseren. In tuddan tseren a ƙarshe suke, ka tsara hanyarka ta yadda za ka iske tudu bayan ka yi awa ɗaya da rabi kana gudu. Hawa da sabuwar ƙafa kowa na iyawa.

Wanda yake zaune a shimfiɗaɗɗen wuri zai iya amfani da gadar sama, ko matakalar filin wasa, ko injin gudu mai ɗagawa. Waɗannan sun wadatar wajen hawa, amma yawancin injunan ba sa yin gangara, saboda haka a haɗa da motsa jiki sau biyu a mako: tsugunne-tashi, da tako-ka-durƙusa (wato ka jefa ƙafa ɗaya gaba ka durƙusa, sannan ka miƙe), da saukowa daga kan ɗan dakali da ƙafa ɗaya a hankali, kana ƙirga uku kafin ka taɓa ƙasa. Wannan na ƙarshen shi ya fi kusa da aikin da cinya take yi a gangara.

Makon tsere ba sai ka yi dogon hutu irin na gab da maraton ba. Rage kusan kashi ɗaya bisa uku na gudun makon, ka bar atisaye mai ƙarfi kwana uku ko huɗu kafin ranar, ka yi barci isasshe. Yanke farcen ƙafa, amma ba daren tsere ba. A gangara ƙafa tana zamewa gaba cikin takalmi, babban yatsa na dukan bakinsa dubban sau, daga nan ne baƙin farce da bororo suke fitowa. Takalmin ya kasance da sararin kusan faɗin babban yatsan hannu a gaba, a ɗaure igiyar da kyau ta wajen idon sawu. Kuma ya zama shi ne takalmin da kake niyyar sawa ranar maraton, da safarsa, da rigarsa, da wandonsa. Duk abin da zai goge maka fata, gara ya nuna kansa yanzu.

Ranar tseren

Ka daina yi wa agogo biyayya a kan tudu. Ƙarfin da kake kashewa shi za ka riƙe daidai, saurin kuwa ya hau ya sauka yadda hanya ta ga dama. Kuma ka yarda tun yanzu cewa abin da hawa ya ci, gangara ba ta biyansa duka. A ce a shimfiɗe kana yin kilomita ɗaya a minti 5. Ka hau kilomita guda a minti 6, ka sauko na gaba a minti 4 da daƙiƙa 30, ka ga kilomita biyun sun ci minti 10 da rabi ke nan. Wannan rabin mintin ba laifinka ba ne, kuma duk wanda ya ce sai ya fanso shi a gangara, da cinyarsa zai biya.

A tudun farko mutane za su yi ta wuce ka. Ka saurari numfashinsu yayin da suke giftawa. Da yawa za ka ji suna huci kamar ƙarshen tsere ya zo, alhali ko rubu'insa ba a yi ba. Ƙyale su. Kai ka hau da numfashin da za ka iya riƙewa, kuma in ka kai ƙoli kada ka saki jiki. Yawancin masu gudu a nan suke rage sauri don su huta, kai kuwa tunda ba ka ƙure kanka ba, sai ka ci gaba da taku goma ko ashirin masu kyau har ka koma saurinka. A wannan ɗan wurin ake wuce mutane ba tare da an kashe komai ba. In kuwa tudu ya miƙe har gudunka bai fi tafiya sauri ba, ka taka da ƙafa da hanzari, babu abin kunya a ciki.

Ga yadda nake raba tseren kilomita 30 idan maraton na gaba: goman farko a ƙasa da ƙarfin maraton, wato ƙarfin da nake niyyar gudun maraton da shi, goma na tsakiya daidai da shi, goman ƙarshe kuma in jiki ya yarda in ɗan ƙara, amma ba na sakin ƙafa gaba ɗaya a gangarar ƙarshe komai daɗinta da ihun 'yan kallo. In rabin maraton ne kuma akwai tazarar mako biyar ko shida, za ka iya gudunsa da gaske.

Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta yakan ɗauki mutum awa ɗaya da rabi zuwa biyu na gudu mai ƙarfi, tudu kuma yana saurin ƙone shi. Shi ya sa ake ba da shawarar giram 30 zuwa 60 na sinadarin kabohaidret a kowace awa, ko ta jel (ɗan ƙunshin abu mai zaƙi da kauri da masu gudu ke tsotsa) ko ta abin sha na 'yan wasa. Ka fara tun minti 30 zuwa 40 na farko, kada ka jira sai ƙarfi ya ƙare. Ka sha a shimfiɗaɗɗen wuri ko farkon gangara mai sauƙi, domin a tsakiyar hawa kana haki, shaƙewa za ka yi. Ruwa kuwa gwargwadon ƙishi. Ɗura shi fiye da kima yana rage gishirin jini, kuma hakan haɗari ne na gaske.

Da ka tsallake layin ƙarshe, ka ci gaba da takawa na 'yan mintoci, ka ci abinci cikin awa ɗaya ko biyu. Kwana biyu ko uku na farko tafiya ce ko sassarfa mai laushi a shimfiɗe. Kada ka koma atisaye mai ƙarfi sai ka iya sauko matakala ba tare da ka tuna da cinyarka ba, wanda ga mai shiri yakan ɗauki kwana huɗu zuwa mako guda. Tsamin da ya game tsoka yana raguwa kullum abu ne da aka saba. Ciwon da ya tsaya a wuri ɗaya, a ƙashi ko gwiwa ko agara, yana ƙaruwa in ka taka, wannan na likita ne, kuma da wuri.

Kafin abin ya bi iska, ka zauna a daren ka rubuta abin da ka gani: a wane kilomita ƙafa ta fara nauyi, ko cikinka ya karɓi jel ɗin, ina takalmi ya matse. Sai ka dubi goman ƙarshe da idon gaskiya. Idan ka gama kilomita 30 da ƙarfin maraton kana jin akwai saura a jikinka, saurin da ka tsara wa kanka ya yi. Idan kuwa da ƙyar ka ja ƙafa a kilomita biyar na ƙarshe, ka ƙara daƙiƙa 5 zuwa 10 a kan kowane kilomita na shirin maraton ɗinka, ka kuma gwada sabon saurin a dogon gudu ɗaya da ya rage maka kafin ka fara rage atisaye.