Idan kwamfuta na ɗaukewa, ku fara duba direban katin hoto

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu aikin haɗa bidiyo da zane, wannan taku ce.

Idan allo ya yi baƙi na ɗan lokaci ya dawo, ko ya rikiɗe shuɗi da rubutun VIDEO_TDR_FAILURE, kada ku yi saurin cewa katin hoto, wato ɓangaren kwamfuta da ke fitar da hoto a allo, ya ƙone. Windows na jiran katin hoto daƙiƙa 2 ne kacal. In bai amsa ba sai ta sake tayar da direban, wato manhajar da ke sarrafa katin, in ta kasa ta faɗi. Ku karanta sunan fayil ɗin da ke ƙasa: shi ke nuna kamfanin katin, nvlddmkm.sys na NVIDIA ne, atikmpag.sys na AMD, igdkmd64.sys na Intel.

In allon ya daskare, danna maɓallan Windows, Ctrl, Shift da B tare, don sake tayar da direban. Za ka ji ƙara ɗaya, allon ya ƙifta.

Ni kwamfutata ta fara wannan hali ne bayan sabunta direba, ina tsaka da aikin bidiyon biki a Tudun Wada, ango na ta kirana. Na shiga Device Manager, inda Windows ke jera kayan kwamfuta, na danna Roll Back Driver don komawa tsohon direba, shi ke nan ta lafa. In hakan bai yi ba, shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da muhimman direbobi kaɗai, cire intanet, goge direban tas da DDU, manhajar goge direban katin hoto, sannan ka sa wanda ka riga ka sauke daga shafin kamfanin. Masu laftof, direban kamfanin da ya ƙera laftof ɗin ya fi zama lafiya.

Kuma a buɗe a duba fanka. Ƙurar hunturun Kaduna kan toshe ta kamar auduga, zafi ya sa katin ɗaukewa, a ɗora wa direba laifi a banza.